Saura Goma Sha Bakwai

Kuɗin haya ne ya kai ni Sirkeci, ba marmari ba.
Mai gida ya ƙara, albashin mai duba tikiti a jirgin ruwa yana nan inda yake.
Na hau bene na uku da kyamarar Baba a naɗe cikin tawul
kamar jinjirin da za a kai asibiti.

Usta Rifki bai dube ni ba.
Ya ture shayinsa gefe, ya maƙala gilashi a ido ɗaya,
ya jinjina ta a tafi.
"Ƙarfe zalla. Ba ta san batir ba.
Shekara goma baya da awo zan saye ta.
Yanzu ’yan jami’a sun taso,
abin da kaka ya yar, jika ke tsinta da tsada.
Lira dubu goma sha huɗu."

Na ce, tsakani da Allah, ta kai?

"Ni mai gyara ne, ba alƙali ba.
Wayar aljihunka ta fi ta ido.
Fim ɗaya cefanen kwana uku ne, kuɗin wanki daban,
talatin da shida kacal, rabi su fito baƙi ƙirin.
Amma wayarka ta nawa ce wannan?
Ita kuwa ta binne mai ita, ni ma sai ta ga bayana."

Ya kai hannu zai buɗe bayanta,
ya murza ɗan marfin naɗi, ya ji ya cije.
Sai ya tsaya.
Ƙaramar tagar ƙirga tana kan sha tara.
"Akwai ajiya a ciki. Je ka ƙarasa, ka dawo."

Saura goma sha bakwai.
Ni da nake ɗaukar kwanon miya sau shida kafin in sa cokali,
na wayi gari marowaci.
Na yi awa guda a bakin gaɓa ina jiran tsuntsun teku ya sauka,
da ya sauka na ga bai isa ba.
Sevgul ta yi dariya a bakin taga, hasken la’asar a kuncinta,
ina murza ido, ina murza ido,
kafin ta fito sarai dariyar ta ƙare.
Na danna duk da haka.

Mako guda ana wanki.
Na manta rabon da in jira wani abu haka.

Nawa ba na nunawa ba ne.
Na Baba, sha ɗaya shekaru sun cinye,
sauran sun yi ja kamar an tsoma a lalle:
tukunyar ɓaure a baranda,
babban yatsansa,
wata kyanwa da ban sani ba.

Sai guda uku, rana ɗaya, daga nesa.
Ƙeyar wani saurayi a ƙofar jirgi,
rigar aiki ta yi masa yawa, yana miƙa hannu ga tikitin mutane.
Ni ne.
Baban da ya ce aikin nan ba aiki ba ne,
wanda har ya koma ga Allah bai taɓa cewa ya zo ba.

Na sayar.
Mai gida ba ya karɓar hoto.

Wata yarinya, Ilgin, mai koren gashi,
ta ƙirga kuɗinta sau biyu a kan teburin Usta,
ta juyo gare ni: "Baffa, ta kai?"

Na ce ban sani ba.
Ki dai riƙe numfashi kafin ki danna.

Igiyar fatar kawai na cire.
Tana aljihuna a jirgin ƙarfe shida,
har yanzu da warin tabarsa.